Maganar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Ina aji biyar a firamarenmu ta Ajilari, a shekarun da fita bayan gari ta zama kasada saboda masu tayar da ƙayar baya. Malam Modu, mai koya mana Turanci, mutum ne da ba ya ajiye bulala. Wata rana bayan azahar yana koya mana yadda ake rubuta maganar wani. Ya miƙo min alli, ya ce in rubuta da Turanci abin da mahaifina ya faɗa min na ƙarshe.

Bai san cewa tun da Baba ya tafi gona a Khaddamari da farkon damina ba mu sake jin labarinsa ba.

Na buɗe alamar zance, na rubuta Turancin "Idan na dawo," na sa waƙafi, na tsaya.

"Ƙarasa mana! Idan ya dawo sai me?"

Ya ɗaga bulala, ajin ya yi tsit.

"Malam, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mai mota ya yi masa hon, ya fita."

"To ki ƙara ko mene ne, ki rufe."

"Ba zan yi wa Baba ƙarya ba."

Na runtse ido ina jiran saukar bulala. Ba ta sauka ba. Da na buɗe ido, yana goge allon a hankali, yana kewaye layina.

Yanzu na girmi Baba na wancan lokacin. Har yau ban san abin da ya so ya ce min ba.