Sunan Ɗan Fari

"Ki kira shi da sunansa," in ji malamar da ke kula da yaron, tana duban uwarsa.

Wata bakwai ke nan da aka mayar da ɗanta wannan makaranta ta garin Gaithersburg a nan ƙasar waje, ta matasan da zuciya ke fin ƙarfinsu, tun ranar da ya fasa gilashin aji da hannu. Kowace Laraba takan zo, ta zauna, ta sa hannu a takarda, ta koma aiki. Ko kuka ya daina zo mata.

"Ya ce ba ki taɓa faɗin sunansa ba. Gani yake ba kya son sa."

Ɗan fari ne. A Maraɗi, inda ta tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Shekara goma sha biyar "kai" take ce masa, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa dalili.

Yana zaune gefenta, kai a sunkuye, tabon ɗinki a bayan hannunsa.

Ta buɗe baki ta faɗi sunan a hankali.

Ya ɗago da sauri ya dubi ƙofa, yana neman wanda ya kira shi.