Gurbi na Goma Sha Biyu

Sai da telan ya zazzage buhun a shagonsa na Fagge ya ga kowace tishat da fuskar mace a ƙirjinta, da ranar haihuwa da ranar rasuwa.

"Ƙawayena ne na coci," in ji tsohuwar da ta kawo su daga Sabon Gari. "Mu idan za a binne mutum, riga ake bugawa da hotonsa. Haɗa mini su bargo, Malam. Kada almakashinka ya taɓa kunnen kowa."

Ya yanka, ya jera su uku-uku. Goma sha ɗaya ne, kusurwa ɗaya ba kowa.

"Mama, in cike nan da atamfa?"

"Sa farin ƙyalle. Amma kada ka matse ɗinkin."

Damina biyu ta yi tana lulluɓa da shi. Ran wata Talata 'yarta ta shigo da bargon a naɗe, da sabuwar tishat a leda. Ya buɗe ledar, ya ga fuskar tsohuwar a ƙirjin rigar. Ya ja zare ɗaya, farin ƙyallen ya fita. Sannan ya ɗauki almakashi, ya kewaye kunnen a hankali.