Mai Ginin Tukwane da Ramin Kogi

Malam Sabi'u, ka ce sabuwar malamar nan da aka turo mana ba ta iya riƙe aji ba, yara sun mayar da ita kakarsu, gara a karɓe ajin a ba wani. Jiya na same ta a bayan ofishina tana share hawaye, wallahi ta ba ni tausayi. Zauna tukuna ka ji wani misali.

Wata mai ginin tukwane ce aure ya kai ta wani ƙauye da kogi ya raba shi da kasuwa. Hannunta kam sai ma sha Allah, in ka ƙwanƙwasa tukunyarta sai ka ji tana amsawa kamar ƙarfe. Ranar kasuwarta ta farko ta ɗora kaya a ka, ta bi matan garin. Su kuwa da suka ji ita ma 'yar bakin kogi ce, suka ce ai wannan ta wuce koyo, kowacce ta tattare zane ta shiga ruwa tana hirarta. Ita kuma kunyar baƙunta ta hana ta tambaya. Kogin garinsu yashi ne shimfiɗe. Wannan kuwa yana da rami a tsakiya, wanda kowa ya san shi tun yana goye, shi ya sa ba wadda ta tuna ta faɗa. Nan ƙafarta ta zurma, tukwane suka bi ruwa. Ta koma gida jiƙe sharkaf, ta ce ita da gini har abada.

Wata tsohuwa ta ji labari, ta tara matan ta yi musu tatas. Ta ce baƙuwar nan gini kam ta iya, kogin ne ba ta sani ba. Suka ɗebo mata yumɓu, suka lallaɓa ta har ta sake gini. Ranar kasuwa da suka zo bakin ruwa, tsohuwar ta shiga gaba, ta ce da mai tukwane, “'Yar nan, bar kallon ruwa, dubi inda ya kama ni.” Wata doguwa ta bi bayanta tana dafe da kayan, wata kuma ta riga ta haye tana jira ta sauke ta. Ba wadda ta karɓe mata kayan. Ruwa ya kama tsohuwa gwiwa, ya kama ta ƙugu, sai ta ratse dama, mai tukwane ma ta ratse. Ko murfi bai fashe ba. Da wata damina ta zagayo, ita ce a gaba, wata amaryar na bin ta.

To, Malam, yarinyar nan ta yi karatun koyarwa, makarantarmu ce ba ta sani ba. Kai ne babba a darasin, gobe ka shiga ka koyar tana kallo. Malama Dije za ta riƙa zama da ita suna shirya darasi, ni kuma in saurare ta duk ƙarshen mako. Amma ajin nata ne, ba mai karɓa. Ai Bahaushe ya ce, da na gaba ake gane zurfin ruwa.