Ƙoƙo Mai Huda

Taubashi, sauke yatsan nan tukuna, burukutu ba gudu zai yi ba. Karo na uku ke nan kana kiran mai tukunya. Kafin ta iso, bari in ba ka wani misali.

An yi wani mai kwalekwale a bakin wani babban kogi, aikinsa ƙetarar da 'yan kasuwa. Abu biyu ya gada wajen ubansa: kwalekwalen maɗaci da tsohon ya sassaƙa da hannunsa, sai wani ƙoƙon shan burukutu. Shi ƙoƙon nan yana da 'yar huda a gefe, yatsa biyu ƙasa da baki, tsohon ne ya huda shi da tsinken ƙarfe mai zafi. In ana zubawa, da ya kai hudar sai ya fara ɗiga a ƙafar mai tukunya, dole ta tsaya. Dokar tsohon kuwa ba yawa: ƙoƙo ɗaya tak, bayan tuwo ya zauna a ciki, bayan an gama aiki an ɗaure kwalekwale a turke. A kora da ruwa, a tafi gida. Haka ya yi ta yi har ya mutu da haƙoransa cif, bai taɓa jiƙa wa kowa ko bakin zane ba.

Ɗan ya bi dokar shekara da shekaru, amma kullum in ya ga burukutu yana ɗiga ƙasa sai ya ji kamar jininsa ne ake zubarwa. Yatsa biyu fa! Tururuwa na sha, shi yana kallo. Ran wata kasuwa da hantsi, ya ƙetarar da mata da kwandunansu, ya ga akwai sauran lokaci kafin su dawo, sai ya samo kakin zuma ya murza, ya toshe hudar, ya nufi wajen mai tukunya. Ƙoƙo ya cika taf, kumfa har tana leƙen waje. Cikinsa kuwa ba komai sai iskar safe. Ya ɗaga, ya shanye. To ka san hudar nan ita ce bakin tsoho, da aka toshe ta babu mai cewa ya isa. Na biyu ya bi na farko don kada ya ji kaɗaici. Na uku ya tafi duba lafiyarsu.

Da ya gangaro bakin ruwa, duniya ta yi masa laushi. Kogi ya zama wani dogon zane mai shuni da aka shanya, iska tana ɗaga gefensa a hankali. Yashi yana lumfashi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ga kwalekwalensa a rana, ya ji tausayinsa, ya kwance shi daga turke ya ja shi inuwar wani ɓaure don su huta tare. A nan babu turke. Amma ga kainuwa ta taru a gefen ruwa, koriya shar, kamar tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙo. Ya sunkuya ya ɗaure igiya a jikinta, ƙulli uku, irin ƙullin da ubansa ya koya masa, wanda ba ya kwancewa. Ƙullin kam bai kwance ba, wannan na ba shi. Sai dai kainuwa ba ta da saiwa a ƙasa, a kan ruwa take yawo.

Ya miƙe a kan yashi ya yi matashi da ƙoƙon. Idonsa biyu fa, ba barci yake ba. Yana kallo kainuwa ta motsa, kwalekwale ya bi ta a baya, sannu sannu, kamar saniya mai bin ciyawa. Shi a ganinsa jirgin yana tsaye, gaɓar ce ta ɗauke shi take tafiya da shi, da ɓauren da komai, ba tuƙi ba gumi. Ya yi murmushi. Wata balbela ta sauko ta tsaya a goshin kwalekwalen, fara tas. Can sai ya ga kamar ubansa zaune a ciki, ya ba shi baya, bai ko waiwayo ba. Ɗan ya ɗaga hannu daga kan yashi ya ce, "A sauka lafiya." Jirgi ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama kamar ƙwayar dabino, ya sha kwana, ruwa ya rufe sawunsa. Daga nan barci ya ɗauke mutumin.

Da la'asar ya farka, harshe kamar tsohuwar fata, kai kamar ana sussukar dawa a ciki. Ga matan kasuwa tsaye a kansa da kwandunansu, gidajensu na can tsallake. Kwana uku yana bin gaɓa da ƙafa yana tambaya. Wasu masunta suka ce sun ga wucewar jirgin, tsuntsu ke jan ragama. Ba a sake ganinsa ba. Yau mutumin a jirgin wani yake tuƙi. Ya sa ƙaya ya cire kakin, ƙoƙo ya koma ɗigarsa, in tururuwa sun taru har gyara musu wuri yake yi.

Ban ce ka zubar da na hannunka ba, taubashi, ka san ni ma ba waliyyi ba ne. Amma tun safe ban ga loma ta shiga bakinka ba, ga kuma babur ɗinka can a jingine yana jiranka, shi ma ba saiwa gare shi ba. Yatsa biyu mutumin nan ya nema, ya bayar da jirgin ubansa. Shi ya sa Bahaushe ya ce, kwaɗayi mabuɗin wahala.