Wanda Aka Cika Wa Kofi

Tun da su Shaista suka baro Multan suka tare a Tashkent, maƙwabta ba sa daɗewa a gidanta. Ta cika musu kofi maƙil da shayi, su kurɓa, su zari takalmi.

"Ammi, ke kike korar su," in ji 'yarta Mahnur, wadda ta fara makarantar yara. "A nan, cika kofi sallama ce. Kaɗan ake zubawa."

Shaista ta rage hannu. Ai kuwa maƙwabciyarta Gulcehra ta kwaso ƙawaye suka baje. Suka yi girki a tukunyarta, suka canza mata labule, suna ɗura wa Mahnur alewar da uwar ta hana ta.

Da tura ta kai bango, Shaista ta raɗa wa yarinyar: "'Yar albarka, ɗauki butar shayin nan ki cika wa duk wanda ya dame ki."

Mahnur ta wuce baƙin kaf, kumatu cike da alewa. Ta tsaya gaban uwarta, ta tsiyaya mata a kofi har ya zuba.

Gulcehra ta tashi cikin ladabi, ta miƙo wa Shaista takalminta.

"Ki gaida gida, baiwar Allah. A riƙa leƙo mu."