Kwanon da Ba Mai Ci

Tsohuwar ta ƙi gusawa.

Kuang Tehai ya yi gyaran murya, ya ƙara yi, ko gezau. 'Yar firit ce da takalmin roba, ta kafe a gaban tsohon hoton ɗaliban soja da ke jikin bango, goshinta kamar zai taɓa gilashin.

Da ma a wuya ya shigo. Jiya ya biyo jirgin fito zuwa tsibirin Changzhou ya tarar da ƙofar tsohuwar makarantar soja ta Huangpu a garƙame. Kowa a Guangzhou ya san ba a buɗewa ranar Litinin, amma wa zai gaya wa baƙo daga Taiwan? Yau kuma ruwan sama ya yi masa dukan tsiya, ga 'yan makaranta sun cika ko'ina da ihu. Jirginsa na komawa Taipei a yammacin nan zai tashi, masu gadi kuwa har sun fara kaɗa makullai.

Abu ɗaya ya kawo shi: fuskar mahaifinsa yana saurayi. Tsohon ya yi karatu a nan, ya tsallaka Taiwan da sojoji a 1949 daga shi sai rigar wuyansa, ya auri uwar Tehai a can, ya rasu kafin a buɗe hanyar dawowa. Wani tsohon abokin aikin uban ne ya ce uban yana cikin wannan hoton, layi na biyu, na ƙarshe daga hagu. Uwar tana kwance a asibiti, ta ce kada Tehai ya dawo mata hannu rabbana.

Uban ba mai magana ba ne. Duk daren sabuwar shekara sai ya sa a ƙara kwano ɗaya a tebur, ɗan mitsitsi, da tsinkayen cin abinci a kansa. Uwar ta ce na abokansa ne da suka mutu a yaƙi. Tehai ya taɓa tambaya me zai sa sojoji su ci a kwanon yara, sai uban ya ja tsaki ta gefen baki, magana ta mutu.

"Yaya, ɗan matsa mini, hoto ɗaya zan ɗauka."

"Ga hotuna can birjik," in ji ta, ba ta waiwayo ba.

"Wannan nake so."

"Ni ma shi nake so."

Ya ɗaga wayarsa ta saman kanta ya danna. Abin da ya fito: hasken fitila, furfurarta, da fuskarsa a murtuke. Ya gwada ta dama, ta karkata dama. Takaici ya ishe shi.

"Tsofaffi, an tashi!" in ji mai gadi daga bakin ƙofa. Ya dubi Tehai yana dariya. "Ƙyale ta, baƙon Taiwan, ba ka iya mata. Duk shekara haka take zuwa tun daga Hunan, sai mun kashe fitila."

Aka kashe fitilun ɗakin baya. Nan haƙurin Tehai ya ƙare.

"Teku na tsallako, kin ji? Uwata tana can rai a hannun likitoci tana jiran hoton nan! Ke da kike gida, gobe ma kya dawo. Wai me kika ajiye a ciki?"

Sai a lokacin ta juyo. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta ja tsaki ta gefen baki. Tsakin ya yi masa kama da wanda ya taɓa sani.

Ta ɗora yatsa a kan gilashin, layi na biyu, na ƙarshe daga hagu.

"Babana ne," ta ce. "Ya tafi ina koyon cin abinci da hannuna, har yau kuma duk sabuwar shekara sai na ajiye masa kwanonsa."