Ɗakin Gwajin da Ba Ya Zubar da Shara

Ana tsaka da tafi sakamakon ya fito. Ɗakin gwajinsu da ke unguwar Glass ya ci lambar yabo ta kare muhalli, domin shekara guda ba su kai komai bola ba.

Shi kuwa wani ma'aikacinsu yana gaban na'ura da ruwan da ya ɗebo daga gida. 'Yarsa ta daɗe tana amai, asibiti sun rasa dalili.

Abokiyar aikinsa ta duba, ta ɗago kai. "Malam, famfo ba shi da laifi. Wannan irin gubar da muke aiki da ita ce. A me kuke tara ruwa in an ɗauke?"

Bai tsaya walima ba, ya tari tasi zuwa gida a unguwar Akébé. Ya tarar da matarsa tana shanya, ya tambaye ta inda ta samo abin da suke tara ruwa a ciki.

"Jarkokin? Haba maigida, ni zan sayi na banza? Mai shagon ya rantse daga wurin aikinku ake ba shi, don kada a zubar. Na ce duk garin nan wa ya kai ku tsabta? Har maƙwabta na yi wa hanya."